Telan da Ya Ƙi Fita ta Ƙofar Baya

A layin da ke bayan tsohuwar tashar mota, tsakanin mai gyaran rediyo da mai wanki da guga, akwai wani shagon tela wanda in mutum uku suka shiga sai ɗaya ya fito kafin sauran su iya juyawa. Yanzu wayoyi ake sayarwa a wurin. An sa gilashi da fitilu masu ƙyalli, kuma ko ka yini a tsaye ba mai ce maka ga wuri. A da kuwa benci ne a ƙofa, da baƙin keken ɗinki na ƙafa, da ƙamshin man keke da na yadin da ya sha guga, sai mai shagon da tef rataye a wuya. Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa a layin. Maida-Saura kowa ke ce masa, Allah ya jiƙansa.

Sunan yana da asali. Kun san sharrin da ake yi wa teloli: wai ka kai musu yadi, rigarka ta fito, ta ɗansu ma ta fito. Tun yana koyon sana'a ya ji wannan magana, ta tsaya masa a wuya kamar ƙayar kifi. Da ya buɗe nasa shagon, duk ɗinkin da ya gama sai ya tattara ƙyallayen da suka rage, ya goge su, ya ninke, ya ɗora a kan kayan mai kaya, ko da ƙyallen bai fi kunnen ɓera ba. Akwai ranar da ya bi wani matafiyi har cikin tasha, ya miƙa masa guntun yadi ta tagar mota.

"Tela, me zan yi da wannan?"

"Ka jefar. Amma da hannunka."

Matarsa ta sha yi masa tsiya a kan haka. Takan ce duk matar tela a duniya tana da matashin kai na ƙyalle mai launi-launi, ita kuwa ko tsumman goge tebur sai ta yaga tsohon zanenta.

"Ke dai ba ki taɓa fita kin ji an ce ga matar ɓarawon yadi ba," in ji shi.

"Ban taɓa ji ba, Malam. Ban kuma taɓa jin an ce ga matar mai kuɗi ba."

Gaskiyarta. Bai tara komai ba. Gidan haya ne, keken nan ɗaya ne, da shi aka yi wa yara makaranta har kowa ya kama gabansa. Abin da ya mallaka kawai sunan nan ne, kuma yana lallaɓa shi kamar ƙwai. Kada dai a mai da shi waliyyi, domin a wajen cika alkawari tela ne cikakke. In ya ce maka jibi, to ka je ka yi tafiyarka, ka dawo, ka huta gajiya, sannan ka leƙo.

Bencin ƙofar shagon yana da ɗan haya da bai taɓa biya ba, wani tsohon masinjan kotu, abokinsa tun suna samari. Mutumin ya ƙare ƙuruciyarsa yana ɗaukar fayil daga wannan ofis zuwa wancan, kunnensa ya sha shari'a har ta fara fita ta bakinsa. Ko kaza ce ta shiga gidan maƙwabci, sai ya gaya maka sashen dokar da ta karya, lambar sashen kuma takan canja tsakanin safe da yamma. Tela "Alƙali" yake ce masa, shi kuma ya amsa ba kunya.

Zare kuwa, tun farkon sana'arsa wuri ɗaya Tela yake saye, wajen wani dattijo mai ƙaramin kanti a bakin titi. Kantin duhu gare shi kamar cikin tulu, da ƙwan fitila ɗaya a rataye. Duk telan da ya san aikinsa ya san fitila maƙaryaciya ce. Zaren da ya dace da yadi a ƙarƙashinta, in an fita waje sai ka ga kamar ba su taɓa haɗuwa ba. Saboda haka abin da ake yi a wurin shi ne ka ɗebi zaren da kake zato, ka fita da shi bakin titi, ka ɗora a kan ƙyallenka, rana ta yanke hukunci. Wani lokaci a can waje za ka haɗu da wani telan, ku tsaya gaisuwa da tambayar iyali, zaren mutane a hannunka, mai kanti na ciki yana gyangyaɗi. Ba a taɓa jin zare ya yi ƙafa ba.

Dattijon ya rasu, 'ya'yansa suka sayar da wurin, aka rushe shi da na kusa da shi, aka gina wani makeken kanti mai ƙofar gilashi da ke buɗe kanta. Tela bai taɓa shiga ba. Yana da tarin zare a kwali, da shi ya yi ta lallaɓawa. Sai ranar da wata malamar makaranta ta kawo masa yadi mai launin da ba shuɗi ba, ba kore ba, yana tsakani kamar mai sasanci. Ya zazzage kwalin nan kaf, babu wanda ya dace. Ya yanki ɗan ƙyalle daga gefen yadin ya sa a aljihu.

"Alƙali, riƙe mini shago, yanzu zan dawo."

"Yanzun tela ko yanzun mutane?"

Da ya shiga kantin ya yi sallama, sanyin na'ura ya amsa masa. Ya yi ta yawo tsakanin sabulu da tukwane da takalman yara kafin ya gano zare a wani lungu, an jera shi reras kamar 'yan makaranta. Ya ware waɗanda suka yi kusa da launin. A ƙarƙashin farar fitilar nan dukansu sun dace, abin da ya ƙara tabbatar masa cewa dukansu ƙarya suke yi. Sai ya nufi ƙofa, kamar yadda ya saba yi tun kafin a haifi duk ma'aikatan wurin. Da ya zo wucewa ta gaban yarinyar da ke karɓar kuɗi, ya ɗaga mata zaren.

"'Yata, bari in gwada su a rana."

Layi ya yi mata yawa. Ta gyaɗa kai ba tare da ta ɗago ba.

Ƙofa ta buɗe, ya tsaya a kan dakali. Yana bukatar tabarau, yana bukatar ƙyallen, hannu kuma biyu Allah ya ba shi. Ya zuba zaren a aljihun gaba, ya ciro tabarau, ya fara lalube a aljihun gefe. A nan ne ya ji an shaƙo wuyan rigarsa ta baya.

"Tsoho, ina za ka da kayan mutane?"

Mai gadin kantin ne, wani saurayi dogo mai ƙaton bel.

"Sannu ɗana, sakar mini riga. Launi zan duba."

"Launi a aljihu? Ku zo ku ga ɓarawo da furfura!"

Duka bai taɓa yi wa Tela zafin da kalmar nan ta yi masa ba. Ya juya ya ga fuskoki, kuma abin takaicin, ba duka ne baƙi ba. Ga wata mata da ya ɗinka wa 'ya'yanta kayan makaranta tun daga na fari har auta. Ga wani direban tasha ya ɗaga waya yana ɗauka. Mai gadi ya tasa shi gaba, hannunsa a wuyan rigar, suka ratsa kantin tun daga ƙofa har ƙurya, hanyar da a ranar ta fi duk wata tafiya da ya taɓa yi nisa.

Ɗakin ajiya aka kai shi, mai kwalayen sabulu har rufi, ba taga. Mai gadi ya zazzage masa aljihu a kan tebur: zaren, da alli, da ƙyallen malama, da allura soke a guntun kwali, da 'yar wayarsa mai maɓallai. Aka ɗauki hotonsa. Sannan manaja ya shigo, wani matashi mai ɗaurin wuya irin na 'yan ofis, wanda bai girmi autan Tela ba. Bai zauna ba, bai kuma ce a zauna ba.

"Baba, kada mu ja magana. Ga takarda, ka sa hannu cewa ka ɗauki kaya ba ka biya ba. Ka biya ninkin kuɗinsu a matsayin tara. Hotonka zai hau allon da ke bakin ƙofa. Shi ke nan, ka tafi gida. In ka ƙi, 'yan sanda."

"Na gaya wa yarinyar can zan fita rana."

"Kowa da abin da yake cewa, Baba."

"To ba ni wayata in kira gida."

"In ka sa hannu."

Aka fita aka murɗa makulli, aka bar shi da mai gadi.

Ya zauna a kan kwalin sabulu. Don kada hawaye su ci amanarsa, sai ya kafa ido a kan rigar mai gadin, ya ga wanda ya ɗinka ta bai ji tsoron Allah ba: kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya, hammata ta tattare, aljihu ya karkace. Ya kusa cewa a kawo masa ita ya gyara, sai ya tuna inda yake.

Takardar tana kan tebur, da biro a kanta. Ya dube ta ya sake dubawa. Ba zai ɓoye wa kansa ba, ya ji sha'awar ya sa hannun a huta. Bai taɓa shiga ofishin 'yan sanda ba ko da rakiya, ba ya kuma son a ratsa da shi layinsu a bayan motarsu. Amma in ya sa hannu, da hannunsa ya rubuta abin da ya yi rayuwarsa yana gudun a faɗa. Mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa. Ya ture biron gefe da bayan hannu, ya harɗe hannuwa, ya jira.

Rana ta karkata kafin ya ji wata murya a bayan ƙofa, muryar da ya sha roƙon Allah ya rage mata ƙarfi, yau kuwa ta yi masa daɗi kamar ruwan sanyi.

"A buɗe ƙofar nan kafin in fara lissafa laifuffuka!"

Aka buɗe. Alƙali ne, da matar Tela a bayansa, mayafi a karkace, manaja na biye da su yana cewa ba a shiga nan. Ashe labari ya riga ya isa layi. A wajen mai gyaran rediyo zare ne aka sata, a wajen mai wanki ya zama bandir ɗin yadi, kafin ya kai ƙarshen layi an ce keken ɗinki sukutum Tela ya saɓo a ka.

Matar ba ta kula kowa ba. Ta dubi mijinta, ta dubi maɓallin wuyan rigarsa da ya tsinke.

"Malam, sun taɓa ka?"

"Riga ce kawai."

Ta juya ga mai gadin ta ƙare masa kallo. "Kai yaro, ba ka da uba a gida?"

Saurayin ya sunkuyar da kai. Alƙali kuwa ya gyara tsayuwa, abin mamaki kuma, ranar ko sashe ɗaya bai ambata ba.

"Saurara, ɗan samari. Zargi kuna iya yi, ba mai hana ku. Kuna iya tsayar da mutum ku tambaye shi cikin ladabi, in ba ku gamsu ba ku kira hukuma nan take, ba sai kun gama jiƙa shi ba. Amma wa ya ba ku ikon shaƙe wuya? Wa ya ba ku ikon zazzage aljihun mutum da ƙarfi, ku ƙwace wayarsa, ku kulle shi kamar buhun gishiri? Kanti kotu ne da zai ci mutum tara? Takardar da aka tilasta wa mutum sa hannu a ɗaki a kulle, ko gyaɗa ba za ta ƙunsa ba. Sannan ku kira shi ɓarawo a gaban jama'a, ba shaida ba hukunci. Wannan ma magana ce mai zaman kanta."

"Baba, kai lauyansa ne?" in ji manaja.

"Na fi lauyoyi da yawa daɗewa a kotu. Ka ce 'yan sanda? Kira su, mu ma muna marmarinsu. Su zo a kunna kyamarar can da ke saman ƙofa, kowa ya ga abin da ya faru."

Manaja ya fita, ya daɗe. Da ya dawo, yarinyar mai karɓar kuɗi na biye da shi tana murza yatsu. Ashe manajan ya je ya kalli hoton kyamara, ya ga tsoho ya ɗaga zare sama kamar mai tallarsa, ya ga yarinya ta gyaɗa kai, ya ga mutum ya tsaya cak a kan dakali yana neman tabarau.

"Wallahi ya yi mini magana," in ji yarinyar. "Na ɗauka gaisuwa ce."

"Ba laifinki, 'yata," in ji Tela. "Ni ma na ɗauka amsa ce."

Murya ta canja. Manaja ya tattara kayan aljihun da hannu biyu ya miƙa, ya yaga takardar, ya goge hoton a gabansu. Ya ce an samu rashin fahimta, zaren ma Baba ya riƙe kyauta. Sannan ya ture wasu kwalaye, ya buɗe wata ƙofar ƙarfe da ke fita lungun da ake zuba shara.

"Ku bi ta nan, Baba. Ba wanda zai gan ku."

Tela har ya miƙe. Ya leƙa lungun, ya ga hanya ce mai sauƙi, ta ɓulle daf da layinsu. Sai ya koma ya zauna a kan kwalinsa.

"Ai matsalar ke nan, ɗana. Da aka shigo da ni kowa ya gani."

"Baba, ai magana ta wuce."

"A ɗakin nan ta wuce. A waje yanzu ta fara."

Daga nan abin ya juye. Ɗazu an hana shi fita, yanzu ana roƙonsa ya fita. Matarsa ta jawo kwali ta zauna kusa da shi, ta tuɓe takalmi. Alƙali ya ce a kawo masa kujera mai jingina saboda bayansa, da ruwa in akwai mai sanyi. Wani ma'aikaci ya shigo ɗaukar sabulu ya tarar an zauna a kai, ya koma. Manaja ya kawo leda cike da kaya, Tela ya ce bai zo bara ba. Manaja ya ce to zai kori mai gadin yanzu-yanzu. Saurayin ya ɗago a firgice, ya ce duk abin da ya ɓace a kantin daga albashinsa ake cirewa, shi ya sa idonsa ya rufe.

"Ka ji ko?" in ji Tela. "Ka ɗaura wa yaro yunwa a wuya ka ce ya yi hankali. In ka kore shi, gobe a ce tsohon ɓarawo ya ci aikin ɗan mutane. Bar shi. Ka dai koya masa cewa wuyan riga ba marikin jaka ba ne."

"To Baba, don Allah me kake so?"

"Maganar da aka faɗa da ƙarfi, a janye ta da ƙarfi."

Manaja ya dubi Alƙali ko zai samu sassauci. Alƙali yana shan ruwa.

Haka suka fito ta cikin kantin, Tela a gaba, matarsa a gefe, mai gadi a baya kamar wanda ya yi wa sarki ɓarin mai. Wurin ya cika fiye da ɗazu, domin rabin layin ya biyo sawu, kowa ya riƙe kwando yana yi kamar sayayya ta kawo shi. Mai wanki ya daɗe yana karanta bayan gwangwanin madara, shi da ba ya karatu. Direban tasha yana nan. Alƙali ya nuna shi da yatsa.

"Kai mai waya, ka ɗauki na ɗazu. Ɗaga ka ɗauki wannan ma."

Akwai lasifikar da ake sanar da ragin farashi da ita. Manaja ya ɗauka, ya yi gyaran murya, ya ce hukumar kanti na ba wani dattijo haƙuri bisa abin da ya faru.

"Wane dattijo?" in ji Alƙali. "Dattawa sun yi yawa a gari."

Manaja ya sunkuya ya tambayi sunan, aka gaya masa. Ya ce dattijon da ake kira Maida-Saura bai ɗauki komai ba, ya nemi izini kafin ya fita, kuskuren na kanti ne, kuma suna neman afuwarsa. Ya faɗa da sauri-sauri, kamar mai haɗiyar magani.

Tela ya kai hannu bayan kunne.

"Ɗana, tsufa. Ban ji ba."

Manaja ya maimaita, a hankali wannan karon, kalma bayan kalma, har ta fita ta lasifikar waje inda masu jiran mota suke. Mai gadi ya matso ya durƙusa ya ce Baba ya yafe masa. Tela ya dafa kafaɗarsa ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Matar nan mai 'ya'ya 'yan makaranta ta ce ita dama tun farko ta san ƙarya ne, ko da yake ɗazu ba wanda ya ji ta faɗa. Ƙofar gilashi ta buɗe, suka fita ta inda kowa ke fita.

Ya ƙara shekaru yana ɗinki bayan wannan, har ido ya daina ganin kafar allura, kuma ba a taɓa jin wani ya haɗa sunansa da kalmar nan ba, ko da wasa. Amma in aka tuna ranar, abin da matarsa ta fi son bayarwa shi ne maganar da suka yi a hanyar gida, bayan Alƙali ya yi gaba yana ba mutane labarin yadda ya ci shari'a.

"Malam," ta ce, "yaushe ka kurumce? Kai da kake jin an buɗe murfin tukunya tun daga bakin titi?"

"Ni tun na farko na ji," in ji shi. "Na can baya ne nake tsoron ba su ji ba."